Haruffan Dalma

*Bakin kogin Hudson, 1788*

Mijina ya rasu, ya bar mini injin buga takarda,
da akwatin haruffan dalma, da bashin tawada.
Ni Jerusha, ni ke jera baƙaƙen garin nan
ɗaya bayan ɗaya, a juye, kamar a madubi,
har yatsuna suka manta asalin launinsu.

Da hantsi yayana Zadok ya shigo,
rigarsa na warin kwalta da ruwan gishiri.
Ya ce, "Buga mini wannan.
Na ɗauko garin alkama zan kai kasuwa,
kowace jiha ta tare ni da hannu a buɗe.
Wannan ta karɓi kuɗin fito,
waccan ta ce kuɗin wannan ba kuɗi ba ne.
Jihohi goma sha uku, kowa tasa ta fisshe shi!
'Yan kasuwar Landan na rufe baki da hula suna dariya.
Sili ɗaya ba ya shara.
A sa hannu kan tsarin mulkin nan,
mu samu gwamnati mai ƙashin baya."

Na jera. Na ɗaure. Na danna.
Na shanya ɗari biyu a kan igiya.

Da la'asar sakaliya ƙanena Asahel ya sauko daga tudu,
laka har gwiwa,
yana jan ƙafar da harsashi ya sumbata.
Bai zauna ba.
"Shekara shida ina kwana da bindiga a ƙanƙara,
aka sallame ni da takardar alkawari
wadda ko gishiri ba ta iya saye.
Na sayar da ita arha ga wani mai agogon zinariya.
Yau shi ke ce mini in amince.
Mun kori sarki ta ƙofa,
za a shigo da shi ta taga, an sake masa suna.
Wakili ɗaya ga mutum dubu talatin,
ya san inda gonata ta tsaya?
Nuna mini layin da ya ce bakina nawa ne.
Nuna mini inda aka hana soja
buga ƙofata da tsakar dare."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya ja da baya.
Amma ban faɗa masa ba. Na karɓi takardar.

Ga abin da su biyun ba su sani ba:
haruffana kaɗan ne.
Sai na wargaza maganar safe
kafin in gina ta yamma.
Dalmar da ta yi wa Zadok rantsuwa
ita ce ta tsaya wa Asahel shaida,
tawadar farko ba ta gama bushewa a fuskarta ba.
Kalmar 'yanci ta fi kowace cin haruffa.
Gefensu ya siɗe, suna fita dishi-dishi a takarda,
ko daga bakin wa suka fito.

Ƙarshen Yuli mai doki ya iso yana kumfa:
jiharmu ta amince, da ratar ƙuri'a uku.
Uku!
Zadok ya ja igiyar ƙararrawa har tafinsa ya saluɓe.
Ranar Lahadi a teburin Inna
gishiri na gaban ɗaya, ɗayan ya ci nasa lami.

Bayan sati Asahel ya dawo da guntuwar takarda,
jerin abubuwan da hukuma ba za ta taɓa ba.
Ya ce, "Jera. Amma kada ki wargaza.
Bar su a tsaye sai ranar da aka rubuta su a can."

Na ɗaure su da zare, na ɗora a kan kanta.
Duk hunturun nan akwatina na da giɓi.
Tallan garin Zadok ya fita da haƙora a zube,
ya zo yana faɗa, wai ina sauran haruffan.
Na ce suna wurin aiki.

Har yau cikinsu ba wanda ya biya ni.