Jerin Ban Haƙuri

Ran kasuwar Fitowa
Goggo Dudu ta duba kuɗin audugarta a wayar jikanta,
allo ya amayo layi arba'in na Turanci,
hanjin manhajata a waje.
Ta ce, "Sefar tawa ta ƙone ke nan?"

Daren nan a Garwa fanka ta tsaya,
sauron Binuwai na tilawa a kunnena.
Na gaji da dasa mai gadi ƙofa ƙofa.
Fayil guda na buɗe,
na raɗa wa kowane kuskure suna
tun kafin a haife shi,
na nuna masa masauki.

In lambar manomi ta ɓace:
"Sake dubawa, ɗaya ta zame."
In rumbun bayanai ya yi barci:
"Dawo an jima, muna tashinsa."
In wani ya leƙa asusun maƙwabci:
"Nan ba gonarka ba ce."

Saura na ƙarshe,
wanda ban san fuskarsa ba,
mai shigowa ba sallama.
Na goge sau shida.
Asuba ta same ni da wannan:
"Laifinmu ne.
Kuɗinki na nan, ko dala ba ta yi ciwon kai ba."