Matakala Ɗari Biyu da Goma Sha Ɗaya

Valparaíso ba a kwance take ba,
rataye take a jikin dutse kamar shanya.
Ni ne Evaristo Quilodrán,
shekara ashirin da uku ina jan keken ƙarfe
mai hawa da mutane daga bakin teku zuwa unguwa,
har ranar da igiyarsa ta gaji
aka datse shi da kwaɗo, aka kafa allon ban haƙuri.
Shekara huɗu ke nan. Allon ma ya yi tsatsa.

Shi ya fito da ni neman kansila.
Babu jam'iyya mai kuɗi, babu mota mai lasifika,
sai hoto guda da 'yata Millaray ta ɗauka
ranar da haƙori ke ci na.
Duk bangon da aka manna ni
sai ka ce ina bin masu wucewa bashi.

Matakala ɗari biyu da goma sha ɗaya
daga kasuwar kifi zuwa ƙofar farko.
Na ƙwanƙwasa, kare ya amsa.
A ta biyu wani ya leƙo da kumfa a gemu:
"Na bara ya bar mana kalanda.
Kai me ka kawo?"
Na ce gwiwa biyu, su ma sun kusa ƙarewa.

Tsohuwa Hortensia ta tare ni a kwana ta bakwai,
tukunyar gas a gabanta, hannu a ƙugu.
"Surutu ba ya dafa wake, ɗan takara. Ɗauki."
Na saɓa a kafaɗa.
Tana biye tana zayyana min laifin magajin gari,
da na magudanar ruwa, da na surukinta,
da daren da wuta ta lashe layinsu
motar kwana-kwana na can ƙasa tana neman hanya.
Da muka isa ta zuba min shayi, ta gutsura burodi,
sai da na kurɓa ta ce, ƙasa-ƙasa,
rajistarta tana kudu, garin da aka yanke mata cibi.
Na yi dariya har na ƙware.

Cikin masu neman kujerar akwai lauya Benavides,
takalminsa bai san matakalarmu ba,
amma ba mugu ba ne, in za a faɗi gaskiya.
Ranar muhawara a zauren makaranta
ya baje taswira mai launi bakwai.
Ni na ɗora guntun igiyar nan a tebur
na yi tsit,
don jawabin da na haddace ya tsere ya bar ni.
Aka tafa. Har yau ban san wa aka tafa wa ba.

Ran Lahadi aka jefa ƙuri'a.
Da dare muka taru a shagon Nibaldo mai walda,
rediyo na tari, jiragen ruwa na kuka a tasha,
Millaray na rubuta lamba a bayan takardar burodi.
Sittin da uku. Da su aka fi ni.
Lodi biyar ke nan na kekena, da yana motsi.
Na ma san su da suna:
tsofaffin da suka fito da sanda da katin zaɓe,
suka leƙa matakala,
suka koma ciki.

Litinin ruwa ya kece.
Na hango fuskata a rufin akurkin Hortensia,
allon takarata ya toshe inda ke yoyo,
ina hararar sama, ruwa na bin kumatuna,
kaji bakwai a bushe ƙarƙashina.
Ta ɗago kai: "Ka gani? Har ka kama aiki."
Sannan ta nuna gangare da haɓa.
Wata tukunyar ce, a kwana ta bakwai.

Na miƙa mata lemata.
Na fara sauka, ina ƙirgawa.