Faifan Hagu

Ƙarfe uku na dare a Oulu.
Ƙanƙara ta rufe rabin tagar ɗakin ƙasan asibiti.
Tuulikki Rautio ta zare safar hannu,
ta durƙusa gaban akwatin ƙarfe mai huci.

Faifai biyu ne a ciki, an haɗa su madubi.
Abin da aka rubuta wa wannan, an rubuta wa wancan:
hoton huhun wani tsohon masunci,
sakamakon jinin jaririyar da aka haifa jiya,
ba wanda aka rage wa ko wasali.

Amma karatu fa?
Fitilar na hagu sai ƙyafce-ƙyafce kamar idon mai zazzaɓi,
ta dama ko gezau.
Tamanin da bakwai cikin ɗari, in ji allo.
Sha uku.

Ba ƙiyayya ba ce, manhaja ba ta san ta ba.
Tambayarta ɗaya: wa ya fi kusa?
Wanda ya amsa ɗazu, allurarsa na nan bakin wurin,
sai a sake aikensa.
Kafin ya dawo, ya ƙara zama na kusa.

Tuulikki ta san wannan lissafin.
Su biyu aka haifa,
duk sun haddace magungunan tsohuwa, sun san ƙafar da ke kumbura,
sai dai Sirpa tana Tampere,
ita kuwa titi biyu ne tsakani.
Wayarta ce ke ƙara.

Ta ɗora tafi. Na hagu da ɗumi kamar burodin safe.
Na dama sanyi ƙalau.

Ba gajiyar na hagu ke cin ranta ba,
shi an san muryarsa, ran da ya yi tari za a ji.
Na dama ne. Shekara huɗu ana danƙa masa ajiya,
da wuya a ce ya kawo a gani.
Wa ya san abin da ya ruɓe cikin shirunsa?
Kama da wane ai ba wane ba ne.

Ta buga umarni: a karance su duka,
layi da layi, a gwada.
Awa goma sha ɗaya, in ji allo.
Fitilar dama ta farka a daburce.

Kofin cikin fulas ya huce.
Ta ciro waya, ta nemo sunan Sirpa,
ta dubi agogo,
ta dai danna.