'Yan Uku a Ciki Ɗaya

Na farkon da na saya, da hannuna na kashe shi.
Jaka goma sha biyu, kuɗin ɗinkin Dudu ne na ranta.
Na ɗaure shi a cikin jirgin da na sassaƙa
da soson kwalin firiji,
na kai shi rairayin Binuwai bayan ruwa ya janye.
Ya tashi. Wallahi ya tashi.
Masu wanki suka saki sabulu suna ɗaga kai,
daɗi ya hana ni sauko da shi
har farfela ta yi sanyi don kanta.
Na tatse baturin tas, kamar saniyar aro.

Kwana biyu ya kumbura, ƙosai a cikin mai.
Na ɗauko allura, wai in huda shi ya sace,
Baba Hamajoda ya kama wuyan hannuna.
Shekara talatin yana bin wayoyin wuta a filin jirgin Garwa,
babban yatsansa har yau ba farce.
Ya ce, "Wannan ba maruru ba ne, Tanimu.
Huda shi ka gani, rumfarka da ta maƙwabcinka
su zama labari kafin la'asar."
Ya sa shi a tsohuwar tukunya, ya bi da yashi,
ya kai bayan katanga inda ko akuya ba ta zuwa.

Sannan ya zauna a bencina, ya sha shayina,
ya zana mini a ƙasa da tsinken ashana:
'yan uku ne a ciki ɗaya, kowa da nasa tumbin.
Huɗu da ɗigo biyu, nan ƙoshin kowannensu ya tsaya,
ƙara masa loma, ya yi maka aman wuta.
In ya gangaro uku da rabi, sauko da jirginka.
In ya faɗa ƙasa da uku,
sai dai a yi maka gaisuwa.
Ƙaramar wayar nan mai farin baki, da kake rainawa,
ita ce mai rabon tuwo,
ita ke hana babba ya haɗiye na ƙaninsa.
Za ka ajiye shi mako? Bar shi a uku da takwas,
ba ƙoshi, ba yunwa,
yadda dattijo ke kwana.

Sauran, ranar Afrilu ce ta koya mini.
A garin nan ƙarfe ma neman inuwa yake,
balle ɗan abin da ke barci cikin leda.
Ba na barin sa a aljihun babur,
ba na ɗora shi a caji yana huci daga sama.
Wuta ta dawo ƙarfe biyun dare,
unguwa ta farka, kowa ya soka wayarsa ya koma shimfiɗa,
ni ina tsugune gaban bulo biyu da bokitin yashi
ina gadin lambobi uku, sauro yana gadina.

Dudu ta yi Sallar nan da atamfar bara.
Ba ta yi kuka ba, ta dai rubuta bashin.
Yanzu ita ke riƙe da ma'auni,
ta ce, "Kawu, na tsakiya ya yi baya,"
in duba, haka ne.

Jiya na ba ta ragamar.
Jirgi ya zaga kan masu jan koma, ya yi wajen gada,
sai ɗan ƙararrawar cikinsa ya fara kuka.
Yara suna ihu, "Ƙara ɗaya! Ƙara ɗaya!"
Ko kallonsu ba ta yi ba.
Ta kwantar da shi a yashi sannu a hankali,
ta zare baturin, ta kara shi a kumatunta,
ta ce da ɗan ɗumi, a bar shi ya huce,
ta kuma tuna mini saura jaka bakwai.