Mai Gadin Ƙofar Sistoci

Shekara goma sha tara ina jan wannan ƙofa,
ƙarfenta ya san tafin hannuna.
A gindin dutsen Dedza, inda sanyi ke cizon kunne,
na buɗe wa 'ya'yan mutane
da akwatunan kwano da katifu a naɗe,
na rufe, na koma kan bencina.

Bana Tiyamike ta gama firamare.

Sista Perpetuwa ta lissafa mini da yatsu:
katin baftisma, hoto biyu,
wasiƙar Fada mai hatimi,
da kuɗin fom, ba ragi ko ga mai gadi.
Buhun dankali uku muka kai bakin titi,
uwarta ta tsaya a kansu har rana ta karkata.
Mai hoto ya ce kada ta yi dariya,
ta haɗe rai kamar wadda aka ci wa bashi.

Wata biyu ɗakin gadi ya zama aji.
Fitilar sola guda, tebur mai ƙafa uku da bulo.
Takan kawo mini tuwon masara da ganyen kabewa,
ta baje tsofaffin tambayoyi
da wata ɗaliba ta yar a bayan kicin,
gefensu ya sha mai, ɓera ya ci shafi na tara.
"Baba, riƙe, ka tambaye ni."
Ni da na tsaya a aji huɗu!
Sai in karanto ina tuntuɓe da baƙaƙe:
jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe kaza,
wani ya taho daga can, a ina za su gamu?
Na ce ni dai ban taɓa ganin ya zo kan lokaci ba.
Ta yi dariya har fensir ya faɗi.

Sakramenti bakwai tana jero su kamar ƙirgen kaji,
amma uku bisa takwas ya sa ta hawaye.
Na sari rake gaɓa takwas,
muka sha uku, muka ƙirga saura.

Asabar ta zo da yayyafi.
Yara ɗari huɗu da ɗoriya, gurbi tamanin.
Wasu a mota mai baƙin gilashi,
wasu a bayan keke,
wasu tun kukan zakara suke tafe a ƙasa.
Ga tawa a layi, da takalmin aro
an cusa masa jarida a baki,
carbin kakarta a aljihu,
fensir biyu da na fiƙe da wuƙata.

Da ta iso gabana na ce, "Katinki?"
yadda nake ce wa kowa.
Ta miƙo. Na dubi hoton, na dubi fuskar,
na sake duban hoton,
har na bayanta suka fara tsaki.
"Wuce," na ce, muryar ba tawa ba.

Ƙararrawa ta kaɗa, na zura sakata.
Iyaye na leƙe ta tsakanin ƙarafa.
Wata ta ce, "Kai ka huta, mai gadi,
ba ka da kowa a ciki."
Ban tanka ba.
Na ɗauki tsintsiya na share inda na riga na share.

Nan da mako uku sakamako zai fito.
Ni ake ba takardar, da ƙusa huɗu,
in kafa a allon da ke jikin ɗakina.
Sunan gidanmu Zimba,
can a wutsiyar baƙaƙe yake.
Sai na bi ta kan 'yar kowa, layi bayan layi,
da yatsa, a hankali, yadda na iya,
kafin in san ko akwai mu.