Aikin Gida a Gefen Tanda

Bayan isha'i Atika ta baje littafi kan tabarma,
fitilar caji tana lumshe ido.
Malam Yohanna ya ba su kalmomin Turanci goma sha biyu,
wai duka gida ɗaya suke kwana:
a mai da abu babba.
Tana karanto su, harshenta na tuntuɓe,
ni ina gefe da ludayi da ƙullun masa,
ko ɗaya ban kama ba.

Ta ce, "Umma, me ya hana su tsaya kan guda?"
Na ce, "Ajiye biro. Leƙo robar nan."

Wannan kumburi ne.
Da la'asar ƙullun bai kai rabin roba ba,
yanzu yana ture murfi kamar mai magana a baki.
Ban ƙara masa ƙwayar shinkafa ba,
iska ce ta shige shi ta zauna.
Akwai girman da cikinsa iska ce,
kada ki raina shi,
shi ke biyan kuɗin makarantarki.

Faɗaɗawa kuwa da jan fenti ta zo mini.
Shekarar da aka gyara titin gabanmu
suka shafa alama a jikin rumfata.
Titi ya buɗe, motoci na jerawa kafaɗa da kafaɗa,
ni na koma lungu da tanda da benci ɗaya.
Duk inda kika ga abu ya yi faɗi,
tambayi wa ya matsa.

Hauhawa ba ta son malami.
Mudun shinkafa a Wunti ya karantar da ni.
Mudun yana nan yadda na san shi,
har lotsewar da ke gefensa.
Kuɗinsa ne ke hawa tsani.

Zuzutawa, ki je wajen Inna Kande.
Akuya ta ɗauke mini masa biyu ranar Talata,
kafin labarin ya kai bakin famfo
wai garke ne ya tashi rumfar.

Ta yi dariya. Sai ta ɗaga kai ta dubi bango,
ni ma na duba.

Hoton babanta.
Ɗan mitsitsi ne, daga lasin tuƙinsa na ciro,
na kai wa mai hoto na ce ya girmama mini shi.
Kwana uku ya dawo cikin gilashi, ya kai faranti,
fuskar ta watse kamar ana hango ta ta cikin ruwa.
Na gane hular. Idanun ba nasa ba ne.
Babban yana bango saboda baƙi.
Ƙaramin yana cikin jakar kuɗina,
nan ne har yanzu yake kallona.

Ban gaya mata wannan duka ba.
Na ce dai, "Miƙo wandon makarantarki."
Na sa reza na warware kalmasa,
karo na biyu ke nan tun Sallah.
Ba wanda ya ja ta, ba wanda ya hura ta,
tana barci ƙafafunta ke tafiya.
Na rasa sunan da zan ba wannan,
na bar shi a bakin allura.

Ta ce, "To cikinsu wacce kika fi so?"
Na ce, "Gobe da asuba ki tsaya kusa da ni."

Da asuba yaron mai faci ya zo da ɗari biyu,
leɓensa a bushe, hannunsa duk baƙin taya.
Na ƙirga masa nasa cikin takarda,
na ɗauki guda mai zafi na ɗora a kai.
"Gyara," na ce.

Atika na tsaye da jaka a baya.
Na ce, "Tambayo mini Malam Yohanna
ko cikin sha biyun nan akwai ta."

Ta tafi tana tauna, wandon na taɓa idon sawu.
Na juya masa kafin ta ƙone.