Saura Yatsa Biyu

A Levanger rana kan yi sallama tun ƙarfe uku,
ƙanƙara ta binne fili, ta daskarar da raga.
Sai muka sauka ɗakin ƙarafa, ƙarƙashin kujerun 'yan kallo,
yara sha tara, duk 'yan shekara sha biyar,
da ni, mai takarda da biro, mai duba gwiwa.

Dokar ba ta da tsawo:
sanda a kafaɗa, ka tsuguna
har cinya ta kwanta daidai da ƙasa,
ka miƙe. Sau ɗaya tak.
Abin da ka ɗaga shi ne sunanka har bazara.

Sindre, haihuwar Janairu, gemu har ya leƙo,
ya tashi da ɗari da ashirin yana murmushi,
kamar wanda aka aika ɗauko kujera.

Eilif haihuwar Disamba ne.
Na san daren, ni na yi naƙudarsa.
Wata goma sha ɗaya ke tsakaninsu,
takardata kuwa ba ta da gurbin wata,
kilo kawai ta sani.

Ya ce a sa masa tamanin da biyar.
Torgeir koci ya dube ni, na dubi biro.
Faifan ƙarfe suka yi ƙara, ɗakin ya yi tsit.
Ya sauka, wuya ya yi ja,
ƙafar hagu, wadda ke murɗa ƙwallo ta bar gola a zaune,
tana rawa kamar kara a bakin rafi.
Ya taso! Yara suka ɓarke da ihu,
Sindre ya ɗaga shi sama, shi ma ba nauyi.

Ni kaɗai nake durƙushe a gefe,
idona daidai da cinyarsa.
Bai kai ƙasa ba.

Uwa ta ce rubuta, wa ya gani?
Biro ya ce ke.
Na rubuta saba'in da bakwai da rabi,
na ja layi a ƙarƙashi, hannuna ba nawa ba.

A mota bai ce uffan ba har muka wuce gada,
na'urar ɗumi tana huci, fitilu suna wucewa.
Can ya ce, "Saura nawa?"
Na ce, "Yatsa biyu."

Ya ɗora yatsu biyu a kan raɓar gilashi,
ya ɗauke, ya daɗe yana kallon gurbinsu.
Sannan ya tambaya ko akwai sauran kifin jiya.